Ƙibar da Ba ta Tuwo Ba

Na gode wa Allah da ya bar mini mijina, ya kuma bar mini bakin ba da labari. Ɗiyata ce ta matsa mini in rubuta, ta ce wataƙila akwai wani gida da ake yi wa mutum kallon mai ƙoshi alhali ciwo ne ke cinsa. Sunana Rakiya, tela ce ni a wani ƙauye na ƙasar Kurfai, tsakanin Tabla da Filinge. Mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a garin da aka haife shi. Ba zan kama sunansa ba. Malam nake ce masa, haka kuma zan ce masa a nan.

Shekaru kafin ciwon, garinmu ya kafa bankin cimaka. Mangaza ce ta laka mai ƙofar ƙarfe, ana sayen hatsi da kaka lokacin da yake da araha, a ajiye, a sayar wa mutanen gari da rahusa idan rumbuna sun yi ƙasa. Da aka zo zaɓen mai riƙe mabuɗi ba a yi gardama ba. Malam mutum ne da in ya tsinci allura a hanya sai ya bi gida-gida yana neman mai ita, har abin ya riƙa ba ni haushi. Bai tara komai ba a aikin gwamnati sai wannan suna, kuma da shi yake taƙama a ɓoye.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai, daminar da ta gabace ta ta gaza. Tun kafin bazara ta yi nisa mata suka shiga daji neman anza da ganye, shanu suna faɗuwa a bakin rijiya. Kowa na ramewa. A wannan shekarar, cikin duk shekarun Allah, Malam ya fara ƙiba.

Ni na fara gani, don ni ke yi masa ɗinki. Wuyan riga ya soma kama shi, na buɗe. Fuska ta yi zagaye, har na ji daɗi da farko, na ce ashe dai girma ya zo. Sai ciki ya turo, sai wani tozo ya fito masa a ƙeya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne wando: ina ƙara masa ƙugu, ƙafafun kuma suna yi masa yawa. Hannuwa da ƙafafu suna tsotsewa, tsakiya na cika. A cikinsa kuma wasu zane suka tsage, irin na mace mai tsohon ciki, amma sun fi faɗi da duhu.

Malam yana da taubashi, Gado, ɗan gwaggonsa, dogon mutum mara nama wanda bakinsa ba ya hutawa. Tun suna yara suke zagin juna don wasa. Ranar wata kasuwa suka haɗu a rumfar masu goro, Gado ya dafa masa ciki ya ce:

"Bawana, ka rage muna ko tiya guda cikin mangazag ga. Dubi kumatu, sun kusa haɗiye hanci."

Malam ya yi dariya ya rama, kamar kullum. Tsakanin taubasai wannan ba komai ba ne. Amma a gaban mayunwata aka faɗe ta, sai suka tafi da maganar gida suka bar dariyar a rumfa.

Ba wanda ya zo ya ce mana ɓarawo. Ai da an zo da ya fi sauƙi. Sai dai in je rijiya hira ta mutu. Ranar awo wata ta riƙa leƙen tiya kamar za ta faɗa ciki. Yara a lakwal su kumbura kumatu idan ya juya yana rubutu a allo, shi kuwa yana ganinsu ta gefen ido. Sai ya shiga horon kansa da yunwa. Fura kaɗan da safe, da maraice ya taɓa tuwo ya ture wa yara. Na yi faɗa, na yi lallashi, bai ji ba. Mutum ba ya ci, kuma kullum ƙara cika yake.

Ƙarfi kuma ya tafi. In ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Ya ɗan bugi ƙofa, wurin ya tara jini. Barci ya ƙaurace masa. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma yi wa kaji tsawa, ya dawo ya ba ni haƙuri kamar ni ce kazar.

Muka tafi asibitin Filinge. Aka ce tansiyo ne, wato hawan jini, sukari ma ya hau. Ma'aikacin da ya duba shi yaro ne mai kirki, ya rubuta magani, ya ce Malam ya rage nama da maiƙo. Dariya ta kuɓuce mini a gabansa, don rabonmu da nama tun layya. Muka dawo da ƙwayoyi, sati ya bi sati, tansiyo ya sauka kaɗan ya sake hawa.

Dangi ba su bar mu ba, Allah ya saka musu. Uwata ta kawo jiƙon sabara. Wani ya kawo rubutu. Wata gwaggo ta so a kira masu goge a yi wasa, ta ce na daji ne suka taɓa shi. Duk wannan na ɗauka da godiya. Wadda ta ƙona ni ita ce ta kawunsa, tsohon da ya riƙe shi yana yaro, wanda na san yana sonsa kamar ransa. Ya zo ya zauna a bakin tabarma, idonsa da ƙwalla, ya ce:

"Ɗana, amana ce ke kumbura mutum haka. In ka taɓa, ka hwaɗi. Gari za shi yahe maka, kumburin ga shi sauka."

Ashe da mutane suka gane ciwo ne, ba wanke shi suka yi ba, cewa suka yi alhaki ne ya kama shi. Washegari Malam ya kai wa maigari mabuɗi. Aka ƙirga buhuna a gaban jama'a, ba ko ɗaya da ya ɓata. Aka ce ai ɗan boko ne, ya san yadda ake sa lissafi ya zo daidai. Aka ba Gado mabuɗin, don shi ko maƙiyinsa ba zai zarge shi da ƙiba ba. Daga ranar Gado ya daina wasa da shi. Ya riƙa zuwa gaisuwa a durƙushe kamar baƙo, kuma na lura wannan ya fi maganar gari yi wa Malam ciwo.

Bayan kaka muka tafi Yamai, muka sauka wurin ƙanwata. Wanda bai yi layin babban asibiti ba bai san haƙuri ba. Ku zo tun da sassafe ku tarar da waɗanda suka riga ku, ku wuni a kan benci, a ce likita ya tafi taro, ku dawo sati mai zuwa. Mun yi irin wannan dawowa har mai sayar da shayi na ƙofa ya san yadda Malam ke son nasa. Daga ƙarshe aka tura mu wurin wata likita, mace ƴar ƙarama mai gilashi, ba ta da yawan fara'a. Ta dubi ƙeyarsa, ta matsa fatar hannunsa, ta ce ya tsuguna ya tashi ba tare da dafa komai ba. Ya kasa. Ta tambaye shi ko yana shan ƙwayoyin nan da mata ke saya a tebur don su yi jiki. Ya ce shi ko na ciwon kai sai an tilasta masa.

Ta sa ya tara fitsarin yini da kwana a jarka, ta ba shi wata ƙwaya ya sha a ɗebi jini da safe. Wasu gwaje-gwajen sai an aika waje an jira. Tumakina suka tafi a nan, da ɗaya daga cikin kekunan ɗinkina, kuma ban yi da-na-sani ba. Da sakamako ya taru ta zaunar da mu, ta faɗi kalmar da har yau ke bakina: kortizol. Ta ce wani sinadari ne da jiki ke yi da kansa, kowa na da shi, amma na Malam ya yi ambaliya. Wasu ƴan ƙullutai biyu a saman ƙoda ke yin sa, su kuma umarni suke bi daga wata ƴar tsoka kamar ƙwayar wake da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa.

Da Faransanci take magana, sai na ce Malam ya tambayar mini ita ko cin abinci na kawo wannan. Ya ƙi. Ashe tana jin Hausa. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce a'a, ko da zai shekara yana azumi haka zai cika. Na roƙe ta ta sake faɗi, ta sake. Malam ya juya fuska yana kallon bango, na ga kafaɗunsa na rawa.

Sai dai murna ta tsaya a nan. An ɗauki hoton kansa ba a ga komai ba. Likita ta ce umarnin ya yi yawa, wannan tabbas ne, amma ba a san daga ina yake fitowa ba. Yawanci daga kai ne. Wani lokaci kuma wani ɗan ƙari ne ke ɓuya a ƙirji ko a ciki yana aika umarnin ƙarya. Ba a buɗe kan mutum a kan zato, kuma gwajin da ke raba gardama ba a yin sa a ƙasar nan. Tun da ma'aikacin gwamnati ne, yana da haƙƙin a fitar da shi waje.

Haƙƙi kam akwai, amma mun zo a mugun lokaci. Sojoji na shirin miƙa mulki, kowane ofis muka shiga sai a ce mu jira masu kujerun su zo. Wata ya bi wata. Wani maruru ya fito masa a ƙafa ya ƙi warkewa, bayansa ya riƙe har zama ya gagare shi. Ina wanke masa gyambo ina Allah ya isa a zuci, ban ma san wa nake yi wa ba. Sai bayan farar hula sun zauna aka kira mu. Ina godiya ga ƙasar da ta ɗauki nauyin mijina, da gaske nake, amma da ta ƙara jinkiri kaɗan da gawa za ta ɗauka.

Maroko aka kai mu. Ban taɓa shiga jirgi ba, kuma ban taɓa jin sanyi irin nasu ba. Suka sa shi cikin wata na'ura mai ƙara wadda ta fi ta Yamai gani, ita ma ba ta nuna abin kamawa ba. Sai wani likita mai furfura ya zo ya zana mana a takarda, yana Faransanci, Malam na juya mini. Ya ce jinin da ake ɗiba a hannu kamar ruwan randa ne, ya gauraya, ba ka sanin daga wace rijiya ya fito. Suna so su ɗiba a bakin rijiyar. Za su zura siraran tiyo biyu ta jijiyoyin matse-matsinsa, dama da hagu, su bi da su ta cikin jiki har gindin kai inda jinin wannan ƴar tsoka ke fitowa, su ɗiba a can, su ɗiba a hannu lokaci guda, su gwada. Bai ɓoye mana ba, ya ce akan samu jini ya daskare, kuma jefi-jefi abin kan taɓa ƙwaƙwalwa.

Na ce wa Malam mu roƙi magani kawai mu koma gida, ni ina son sa a haka, da tozonsa da komai. Sai ya ce:

"Rakiya, in na mutu ba a san inda abin ga yah hito ba, da maganar mutane za a ruhe ni."

Na haƙura.

Da safe aka gungura shi. Na zauna a baranda da carbi, na rasa ko nawa na ja. Wata tsohuwa Balarabiya da ke jinyar ɗanta ta gutsuro mini burodi ta tura mini shayi, ba ta jin maganata ba na jin tata, muka zauna kafaɗa da kafaɗa har aka fito da shi.

Abin da ya faru a ciki daga bakinsa na ji. Ba a sa shi barci ba, wurin da za a huda kawai aka kashe. Tiyon kamar tsinken tsintsiya yake amma mai laushi, suna kallon tafiyarsa a talabijin. Bai ji wucewarsa ta ciki da ƙirji ba. Sai da ya isa sama ya ji wani zafi a bayan kunne da ƙara kamar ana murza takarda a cikin kansa, aka ce masa alamar an iso ke nan, kada ya motsa. Mutum uku suka tsaya kowa da sirinji, ɗaya na dama, ɗaya na hagu, ɗaya na hannu. Wani na kallon agogo, in ya ba da umarni sai su ja tare, a jefa kwalaben cikin ƙanƙara. Sannan aka yi masa wata allura da ke tsokanar tsokar, fuskarsa ta ɗauki zafi, suka sake ja, suka jira, suka sake. Shi kuwa abin da ya burge shi yadda suke jin magana. Ya ce da ƴan ajinsa haka suke da bai tsufa da wuri ba.

Aka hana shi lanƙwasa ƙafa har la'asar. Na ba shi abinci a baki, na riƙe masa kwalbar fitsari, yana ta jin kunya kamar ba ni na haifa masa ƴaƴa ba. Cinyarsa ta tara jini baƙi ƙirin saboda fatar ta yi rauni, amma ba abin da ya taɓa kansa.

Bayan ƴan kwanaki mai furfura ya dawo yana murmushi. Ya ce jinin gindin kai ya ɗauko umarnin ninkin-ba-ninkin na hannu, musamman ta dama. Daga kai ne. Malam ya saurara har ƙarshe, ya juyo ya ce mini ashe dai akwai ɓarawo, amma a cikin kansa yake zaune. Rabon da in ji ya yi raha da wannan magana tun ranar kasuwar nan.

Ta hanci aka yi aikin, ba a tsaga kai ba. Abin da suka ciro ɗan ƙari ne a jikin ƴar tsokar nan, bai kai ƙwayar dawa ba. Na dube shi a hoto, wai wannan ne ya tashe mu daga Kurfai har ƙasar Larabawa.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. In ka ga mutum na cika ta tsakiya yana tsotsewa ta hannu da ƙafa, ga tozo, ga zane a ciki, ga tansiyo da sukari sun zo tare, kada ka tsaya yi masa barka ko zargi, ka kai shi inda za a auna. Kuma warkewar ma jinya ce, wannan ba wanda ya shirya mu a kai sosai. Jiki ya saba da ambaliya, da aka datse sai ya rikice. Gaɓoɓi ciwo, fata na saɓa, abinci ba daɗi, zuciya ba daɗi. Akwai ƙwayar da dole ya sha kullum har tsokar ta farfaɗo, kuma an ja mana kunne cewa tsallake ta na iya kashe shi. Na zama ɗan sanda a kan wannan ƙwaya.

Muka dawo gida, aka yi ta zuwa barka. A hankali fuska ta faɗa, tozo ya narke, ya riƙa miƙewa daga sujada ba dafa bango. Rigunan da na buɗe na dawo ina rage su, ban taɓa yin ɗinki da farin ciki irin wannan ba. Na ɗauka an gama.

Maƙwabciyata ce ta kawo mini maganar gari. Ta ce ana cewa ai ga shi nan, tun da aka karɓe mabuɗi ya koma yadda yake. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Na je rijiya na tsaya na yi musu bayanin tiyo da ƙanƙara da jinin dama da na hagu, har da nuni a cinyata. Suka ce Allah sarki, suka gyaɗa kai, suka ci gaba da jan guga. Wa ya ga jinin? Maroko na da nisa, kumatun kuwa kowa ya gani.

Daminar da ta biyo ita ma ba ta cika ba. Da bazara ta matso, sai ga Gado da rana tsaka, ya tsuguna a gaban Malam ya ajiye mabuɗi a kan tabarma. Ya ce ya yi magana da maigari, ya ce shi Gado ne ya jawo wannan da bakinsa, ga Malam ga kayansa. Ban jira Malam ba. Na ce ya ɗauke abinsa ya fita, mabuɗin da ya kusa kai mini miji kabari ba zai sake kwana a gidana ba. Malam ya bari na gama, sannan ya sa hannu ya ɗauka.

"Likitoci tiyo gare su, sun ɗebi jini sun gamsu," in ji shi. "Mutanen garin ga ido kaɗai gare su. Sun gan ni da mabuɗi da ƙiba. Sun gan ni ba mabuɗi ba ƙiba. Saura guda ba su gani ba."

Na yi kwanaki ina ajiye masa abinci ba magana. Tsoro nake ji, don likita ya ce ciwon kan dawo wa wasu, kuma in ya dawo yana riƙe da mabuɗi, ko Alƙur'ani ya dafa ba mai yarda. Shi ma ya sani. Daga baya na sauko da sharaɗi: ƙwaya a gabana zai sha, buhu kuma Gado ne zai ɗauka. Gado ya ce ya yarda, dama bawa ba ya aiki in ya tsufa. Malam ya jefe shi da takalmi.

Haka aka shiga damina. Duk ranar awo yana ƙofar mangaza da tiya a hannu, layi har bakin masallaci. Ni kuwa kowace safiya ina satar kallon wuyan rigarsa. Ban rage masa ko loma ba, yana cin tuwonsa har ya nemi ƙari. Wuyan riga bai motsa ba. Hatsi ya yi kai, aka fara gasa tumu, mangaza ta koma wayam, Malam na nan siriri kamar ranar da aka kai ni gidansa.

Wata hantsi ina kan keke sai ga tsofaffin mata uku sun yi sallama. Na shimfiɗa musu tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi yara da gona. Sannan babbarsu ta gyara zama ta ɗaure fuska.

"Ɗiyata, hwaɗa munka taho yi miki. Mutum shina riƙe da mabuɗin hatsin gari duka, damana guda cur, ki bar shi kamar karan dawa? Shi dai kowa ya san ba shi taɓa na mutane. To ke mi kike yi da tukunyakki?"

Sauran suka ce gaskiya ne, abin har ya zama abin magana a rijiya. Na sunkuyar da kai na ce na ji, Inna, zan gyara. Na raka su har ƙofa, na dawo na zauna a gaban keke, hawaye ya hana ni ganin ramin allura.

Yanzu a garin nan ni ce macen da ba ta iya ciyar da miji ba, kuma ba ni da niyyar wanke kaina.